Ranar da Na Kira wa Deodato Layi

Mahaya biyu ke bin bijimi ɗaya a wasanmu na kayar da sa, wanda muke kira vaquejada, amma ɗaya ake yi wa tafi. Akwai mai ja, akwai ɗan rakiya, ni Josafá kuwa ɗan rakiya ne tun ina da baƙin gashi. Idan aka buɗe ƙofa sa ya fito a guje, ni ke matse shi ta gefe kada ya karkace, in sunkuya in cafko wutsiyarsa, in miƙa wa mai ja. Shi kuma ya naɗe ta a hannu, mu kora san a tsakaninmu har inda aka zana layi biyu da farar ƙasa. Can mai ja zai karkata dokinsa waje, ya zubo da jikinsa daga sirdi, ya fizge. A tsakanin layukan nan ake son san ya faɗi, ƙafafu huɗu a sama, ya kuma tashi bai taɓa ko ɗaya ba. In ya taɓa, alƙali ya ce sifiri, ku kama hanyar gida. Mai ja ya sha tafi, ɗan rakiya ya sha ƙura. Ban taɓa jin haushin rabon nan ba. Na ɗauki siminti a birnin São Paulo, na yi dillancin dawakai har cikin jihar Piauí, ko'ina kuwa haka na tarar da duniya: wani ke riƙe ƙaho, wani ke tatsa.

Wanda nake miƙa wa wutsiya duk tsawon rayuwata shi ne Deodato. Ni na riƙe 'yarsa ta fari a coci ranar baftismarta, shi ya sa muke kiran juna kumpade, matarsa Lindaura kuma kumade. Tare muka tashi a gandun shanu ɗaya, muna bin karsana cikin sarƙaƙiya sanye da rigar fata, inda igiya ba ta jefuwa, sai dai ka kamo wutsiya ka kayar. A dajin nan wata ƙaya ta ɗauke masa idon hagu muna samari. Ya ɗaure wurin da ƙyalle, washegari ya hau doki. Yakan ce Allah ne ya ga ido biyu sun yi masa yawa, tunda da ɗaya ma ya fi mu gani. Daga baya fili ya karɓi nasa kason: ɗan yatsa ɗaya da wutsiya ta tafi da shi, ƙashin wuya da ya karye ya ɗoru a karkace. Ni ma haƙarƙarina na rigan kowa sanin za a yi ruwa.

Dokinsa Mazarƙwaila muke ce masa, saboda launinsa. Gajere ne mai ƙaton ciki, ba wanda zai dube shi sau biyu a kasuwa. Ni na samo masa shi, kuma a duk cinikin da na yi a duniya, shi ne wanda ban ƙara ko gishiri ba. Sun daɗe tare har ya zama kafin Deodato ya gama tunanin juyawa, dokin ya juya.

Ana saura 'yan kwanaki wasan garinmu, Mazarƙwaila ya zurma ƙafar gaba cikin rami a hanyar tafki. Jijiya ta kumbura kamar rogo. Na duba, na shafa, na ce, "Kumpade, zai warke, amma ba bana ba." Deodato ya matso. Ya durƙusa ya ɗora ƙafar nan a cinyarsa, ya daɗe a haka, har na ji kunya na kau da kai.

Labari ya kai wa mijin 'yarsa, Erasmo, mai shagon kayan babur a birni, sai ga shi da doki a bayan mota. Doki kam doki ne: dogo, ƙirji kamar ƙofar coci, gashi na sheƙi. Sunansa Gwamna.

"Me ya sa Gwamna?" in ji Deodato.

"Saboda kwarjini, Baba."

"Na ɗauka saboda ci ne," na ce. "Dubi yadda ya gama da masarar Mazarƙwaila tun bai gai da masu gida ba."

Da la'asar muka kai shi filin gwaji da ke bayan gandu, inda ba kowa sai wani kurman tsoho da ke buɗe mana ƙofa. Ya sako ɗan bijimi, na miƙa wutsiya, Deodato ya naɗe, muka taho. Layin farko ya zo ya wuce. Na biyu ya zo ya wuce. Sai da muka yi nisa sannan ya fizge, san ya faɗi inda ko uwarsa ce alƙali ba za ta ba shi ba.

"Dokin nan bakinsa tauri," ya ce.

Aka sako wani, tun kafin layi ya ja. Aka sako wani kuma, sai ga mu mun nufi shingen ƙarshen fili gadan-gadan, Deodato na rataye a gefen sirdi, wutsiya a hannu, ba alamar saki. Na kurma ihu, Gwamna ya ja birki don kansa, gwiwar Deodato ta gogi icen shinge har wando ya yage.

"Dokin birni," ya ce yana haki. "Bai san aiki ba."

Ni dai dillalin dawakai ne. Na san yadda ake gane makahon doki ko da mai shi ya rantse da kabarin uwarsa: ba tambaya ake yi ba, gwadawa ake yi. Gwamna kuwa lafiyarsa lau. Don haka washegari da hantsi na riga Deodato zuwa filin, na share tsofaffin layukan da reshe har ba alama. Da ya iso na ɗauki buhun farar ƙasa, wanda babu komai a cikinsa, na ratsa filin a sunkuye ina kakkaɓawa, na matsa gaba na sake ratsawa.

"Kumpade, sun fito?"

Ya ɗaga hula, ya karkata kai yadda masu ido ɗaya ke yi. "Sun fito. Amma ka yi rowa kamar kullum. Kai ko farar ƙasa sai ka yi mata awo."

Na tsaya da buhu a hannu. Da ma doki goma suka mutu mini, da in ji amsar nan.

"Ban zuba komai ba, kumpade."

Ya sauko daga Gwamna a hankali, ya laluba icen shinge, ya jingina. Lalubawar nan ce ta karya mini zuciya. Sau nawa na gan shi yana yin ta, ina cewa tsufa ne.

"Ɗan banzan dillali," ya ce, ba faɗa a muryarsa. "Ka gwada ni kamar doki."

"Tun yaushe?"

"An jima. Kamar an shafa wa duniya madara. Sa ina ganinsa, baƙin abu ne babba. Kai ma ina ganinka, mummunan abu ne babba. Amma fari a kan yashi..." Ya girgiza kai. "Na je wurin likita a birni, na ce wa Lindaura sirdi zan dubo. Ya ce ba zai dawo ba."

"To bara fa? Baƙin bijimin nan da ka kayar a tsakiya cif, gari ya ɗauka?"

"Mazarƙwaila ne. Shi ke ganin layi. Idan mun kusa sai in ji ya tattara kafaɗa a ƙarƙashin gwiwata, ya ɗan yi nauyi ta waje. Nawa kawai in bi shi." Ya yi 'yar dariya. "Doki ke aiki, ni ke ɗaga hula."

Na ce, "To ai da sauƙi. Ina gefenka. Idan mun iso layi in ce maka ja."

Ya ɗago kamar na mare shi, na kuma san dalili. A wurinmu yaro mai koyo ake kira wa layi, kwana ɗaya ko biyu, kafin a bar shi ya ji kunyarsa shi kaɗai. Babban mutum da ɗan rakiyarsa ya kira wa layi a gaban jama'a, an gama da shi. Sunan da za a laƙaba masa ranar, da shi za a binne shi. Akwai wani a garinmu, har ya yi jikoki ya mutu ana ce masa Ɗan Goye.

"Gara a ɗauko ni a kan ƙyauren ƙofa," ya ce. "Zan bi sawun doki da kunne."

"Sawun wane doki? Wannan taku ɗaya nasa biyun Mazarƙwaila ne. Sa kuma ba agogo ba ne, wani na gudu, wani na lalaci. Ka manta Inácio?"

Bai manta ba. Mu biyu muka ɗauko Inácio, mai ja kamarsa, daga gindin shingen ƙarshen fili, wutsiya na naɗe a hannunsa, shi da ke da idonsa biyu garau.

"To kar ka hau bana. Ka ce bayanka ke ciwo."

"In ban hau bana ba, na sauka ke nan. Kai ma ka sani."

Na sani kuwa.

Da sassafe na biya gidansu, lokacin da na san ya tafi gasa wa Mazarƙwaila ƙafa da ruwan ɗumi. Lindaura na turara dambun masara. Ta zuba mini gahawa, ta turo mini man shanu, ta zauna tana kallona.

"Kumade, akwai wata magana da..."

"Ta idonsa? Sai yanzu ka gani? Kai da ake cewa daga tari kake gane shekarun doki."

"Ke kin sani?"

"Tun ranar da ya cire hula ya gai da zanen gadona a kan igiyar shanya. Barka da rana, Dona Firmina, ya ce masa, ya ɗauka maƙwabciyarmu ce." Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. "Ka ga kujerun nan? Ban ƙara matsar da ko ɗaya ba. Kofin gahawarsa wuri ɗaya nake ajiyewa, mariƙin na kallon dama. Yana tsammanin ban sani ba, ni kuma na bar shi da tsammaninsa. Mutumin da bai taɓa hana ni komai ba, wannan ɗaya zan ƙwace masa?"

"Ki hana shi hawa. Ke kaɗai yake ji."

"In na hana zai bari, na sani. Ya zauna a kujerar can ya bushe kamar fatar da aka manta a rana, kafin baɗi mu binne shi. In na bar shi kuma, ga shinge." Ta goge hannu a gaban riga. "Hanya biyu na gani, ba wadda nake so. Kai ne mai wayo, kumpade. Shekara nawa kana sayar wa mutane kakannin dawakai da sunan 'yan duƙushi. Nemo mini ta uku."

Na nemo, ko in ce na ɗauka na nemo. Na same shi a turke na ce, "Ba zan kira maka layi ba. Amma ba dokar da ta hana ɗan rakiya zagin sa. Idan ka ji na zagi uwarsa, ka ja."

"Kai da kake fara zagin uwar sa tun daga ƙofa? Wanne zan ɗauka?"

"To tari."

"Da tabar da kake sha? Ai sai in kayar da shi bai gama fitowa ba."

Muka tsaya a kan fito. Ina da wani fito mai kaifi da nake kiran karnuka da shi, ba wanda zai ji ya kawo komai a ransa. Muka gwada a filin bayan gandu, abin ya tafi kamar an auna. Sa ya faɗi a tsakiya, wani ya biyo shi ya faɗi a tsakiya. Deodato ya koma gida yana rera waƙar kiran shanu. Ni ma na yaba wa kaina, abin da bai taɓa yi mini wuya ba.

Ranar wasa gari ya cika ya batse. Rana ta take, hayaƙin gasasshen nama ya haɗu da ƙura, masu giyar rake sun fara rantsuwa tun kafin a saki san farko. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, bana masu shirya wasan sun ɗauko motar kiɗa daga birni, lasifikoki a jere kamar akwatunan gawa, suka girke ta daidai wurin layuka. Ƙasa kanta rawa take. Edimar mai sanarwa na zaune a samanta da makirufo, yana ihu a kan kiɗan kamar ana yanka shi.

Muna jiran a kira mu a bakin ƙofa, gwiwata na gogar tasa, na sa yatsu a baki na yi fiton nan iya ƙarfina. Ko motsi bai yi ba. Na sake. Ya juyo ya ce, "Magana ka yi?"

Nan nesa da motar ke nan.

Na kai baki kunnensa. "Fito ba zai yi ba, kumpade. Yanzu na yi har biyu ba ka ji ba."

Ya gyara zama a sirdi.

"Zan ji a jikina."

"Ba za ka ji ba. Saurara: yau ba zan miƙa maka wutsiya ba. Zan sunkuya in kuskure ta, a yi mini dariya, a ce Josafá ya tsufa. Ni ba ni da wani suna da zan yi asara."

"Ka kuskure, ni in sunkuya in kamo da kaina."

Zai iya kuwa. Na san hali.

"To ka kamo. Amma fara gaya mini abin da zan ce wa kumade. Ga ta can a kan katakon 'yan kallo cikin rigar zuwa coci, tun safe ba ta sa komai a baki ba. Ta sani, Deodato. Ta sani tun ranar da ka gai da zanen gadonta a igiya. Wa kake tsammani ke juya maka mariƙin kofi kullum safiya?"

Kumade ba ta aike ni da wannan ba. Amma dillali ya san lokacin da ake fito da farashin ƙarshe.

Biyun da ke gabanmu suka tafi, ƙura ta tashi, aka yi sowa. Edimar ya rangaɗa sunanmu: "Deodato mai ido ɗaya da ya fi dubu, Josafá a rakiya!" Mai ƙofa ya ɗora hannu a sakata.

"Dakata," in ji Deodato. Ya juyo gare ni. "Sa dokinka gaba, ka nufi motar nan. Gwamna zai bi."

Muka ratsa filin a hankali, jama'a na tambayar juna ko lafiya. A gindin motar ya cire hula. Edimar ya leƙo.

"Seu Deodato, lafiya dai?" ya ce, da laƙabin girmamawar da muke sa wa manya.

"Kashe kiɗan nan, ɗana."

"Na'am?"

"Ka kashe, ka miƙo mini abin maganar."

Kiɗa ya mutu. Aka zuro masa makirufo, ya riƙe shi nesa da fuska kamar an ba shi maciji.

"Jama'a, ni ne Deodato. Idon da ya rage ya bi ɗan'uwansa. Ba na ganin layi. Bara ma doki ne ya gani, duk wanda na kayar bara ya kai ƙara wurin dokin." Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. "Yau kumpadena zai kira mini layi, yadda ake yi wa yara. Ina roƙo ku yi shiru in ji shi, don muryarsa irin ta tsohuwar akuya ce. Wanda ke da sunan da zai sa mini, ya riƙe sai na sauko."

Ya mayar da makirufo, ya sa hula. Wani mashayi daga can baya ya fara, "Ɗan Go..." sai na ji tas, irin ƙarar hula a ƙeya, maganar ta tsaya nan.

Ban taɓa jin filin wasa shiru haka ba. Ana jin kukan shanu a shinge, ana jin kitse na ɗiga a garwashi. Muka koma ƙofa. Na shiga jan hanci, ni da nake shiga tsakanin bijimai tun ban yi gemu ba.

"Kar ka yi mini kuka a nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka dai buɗe baki sosai."

Ƙofa ta buɗe. Sa ya fito kamar an harbo shi. Na matse shi, na sunkuya, wutsiya ta shigo hannuna, na miƙa. Hannun Deodato na nan a buɗe inda yake kullum, wannan kam ba ya bukatar ido. Ya naɗe, ya zauna daram. Kofato kaɗai ake ji, da numfashin dabbobi uku. Farin layi ya taso mana. Na ga kan san ya haye shi, na ga ƙirjinsa ya haye, na buɗe baki da duk abin da ke cikina.

"Ja, kumpade! Ja!"

Ya karkata Gwamna, ya zubo har hularsa ta share yashi, ya fizge. San ya tashi ɗungurungum, ƙafafu huɗu na kallon rana, ya faɗo ƙasa ta amsa. Deodato ya saki wutsiya, ya koma sirdi kamar saurayi, Gwamna ya zagaya ya tsaya nesa da shinge. Na tura dokina in tare san kada ya zarce, amma ƙarfin gudu ya riga ya ja shi gaba. Ya yunƙura ya tashi, kofaton baya ɗaya ya sauka a kan layi na biyu. 'Yar farar ƙura ta tashi kamar an hura gari. Na gani. Waɗanda ke kusa ma sun gani.

Amma fili ya ɗauka gaba ɗaya: "Ya ci! Ya ci! A ba shi!" Huluna a sama, mata na share hawaye, Edimar ya manta shi mai sanarwa ne yana ta tsalle a kan mota.

Alƙalin ranar Seu Tiburtino ne, tsohon mai ja da suka daɗe suna kai ruwa rana da Deodato, a fili da wajen fili. An ce har Lindaura ya taɓa nema. Ya sauko daga kujerarsa, ya tako a hankali, ya durƙusa a kan sawun kofaton. Jama'a na roƙo, "Seu Tiburtino, don Allah! Ka dubi mutumin!" Ya ɗaga kai ya dubi mutumin, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ɗaga hannu.

"Sifiri."

Wuri ya kaure da zagi. Na isa wurin Deodato raina a ɓace, ina neman abin da zan ce.

"Me ya ce? Sun cika ihu, ban ji ba."

"Sifiri ya ce, kumpade. Kofaton baya. Ɗan kaɗan ne, da wani alƙalin ne da ya..."

"Ya taɓa ko bai taɓa ba?"

"Ya taɓa."

Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda na daɗe ban ji daga bakinsa ba, har hawaye na zuba ta idon da ya mutu da wanda ke mutuwa.

"Allah ya yi wa tsohon nan albarka," ya ce. "Ina yake?"

Tiburtino na tsaye shi kaɗai ana jifansa da ɓawon lemo. Na ja gaba Gwamna ya bi, Deodato ya tsayar da doki a gabansa, ya miƙa hannu ɗan gefe da inda yake. Tiburtino ya matsa ya kama.

"Da ka ba ni, da na san na mutu," in ji Deodato.

"Ni ba sadaka na zo rabawa ba," in ji Tiburtino. "Ka makara da ja. Tun muna samari kake makara."

"Akuyar nan ce ta makara da kira!" in ji Deodato.

"Ni?" na ce. "A kan kari na kira! Kai ne ka tsaya gyara hula."

Har yau ba mu gama wannan shari'ar ba.

Da jama'a suka ga hannun nan biyu a haɗe, jifa ya tsaya. Sai ga Lindaura ta tsallako shinge, abin da mai jikoki ba ta yi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta kamo hannunsa na dama, ta zare safar fatar da ke hannun, ta bi yatsun da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa gwiwa, ta taɓa haƙarƙari. Da ta tabbata komai na wurinsa, ta ɗaga takalmin ta sauke masa a cinya.

"Wayyo! Wannan kuma na me?"

"Na ɗaukata wawiya da ka yi."

"Ke ma ai wawa kika ɗauke ni."

"Kai ai shi ne."

Ta kama Gwamna ta ƙasan linzami, ta juya shi wajen ƙofar fita. A wurinmu ba a jan doki mai shi na kai, sai in ya ji rauni ko ya bugu. Na jira in ga ya fizge. Ya ɗan ɗaga hannu, sannan ya saki linzamin a wuyan doki, ya gyara zama ya bar ta. Haka suka ratsa tsakiyar jama'a, ita a gaba tana ɗingisa ƙafa ɗaya ba takalmi, shi a sama yana amsa gaisuwa ta duk inda murya ta fito.

Ina biye da su a baya, sai na ji ya sunkuyo yana tambayarta.

"Lindaura, san nan wane launi ne?"

"Ja ne. Ƙato, mai tozo."

"Ya tashi sama sosai?"

"Sosai."

"To faɗa mini. Tun daga ƙofa."

Ta fara faɗa masa.